Malam buɗe littafi na tumfafiya: littafin aikinmu ni da ɗiyata

Asabar, 7 ga Satumba 2024

Yau munka fara, kuma gaskiya ba ni na shirya abin ba, ɗiyata ce ta jawo shi. Shekararta 11, da safen nan ta shigo da gudu tana cewa Baba zo ka gani malam buɗe littafi na cizon ganyen tumfafiya. Akwai wani kango bayan gidanmu nan Mabera da tumfafiya ta cika shi, to na bi ta munka tsaya nesa kaɗan, sai na ga ba cizo take ba, ƙwai take sakawa. Tana sauka bakin ganye ta ɗan buga shi da ƙafa, sai ta lanƙwasa cikinta ta ƙarƙashi ta manna ƙwai guda ɗaya tak, ta tashi ta koma wani ganyen. Ba ta tara su wuri guda. Ƙwan bai kai ƙwayar gero ba, fari ne da ɗan ruwan madara, kansa a tsuke, in ka kara kyamarar waya kusa za ka ga layi-layi a jikinsa daga sama har ƙasa.

Mun tsinko ganye tara masu ƙwai. Na wanke tsohon bokitin fenti, na yanko wani ɓangare na tsohon gidan sauro na ɗaure bakin da roba, shi ne ɗakin renonmu.

Abin da ya sa na ce sai na rubuta wannan aiki rana-rana, na ɗauki hoton uwar na duba a intanet, sunan da ya fito shi ne Danaus chrysippus. Amma yawancin hotunan da na gani fukafukansu huɗu duk ruwan goro ne, ita kuwa tamu na bayan fari ne kamar an shafa alli. Ko dai ba ita ba ce, ko akwai wani bayani. Ina son in gani da idona.

Talata, 10 ga Satumba

Bakwai sun ƙyanƙyashe, biyu shiru. Abu na farko da kowace tsutsa ta yi shi ne ta juya ta cinye ɓawon ƙwan da ta fito ciki, sannan ta fuskanci ganye.

Nan ne na ga abin da ya tsayar da ni har na kusa makara wajen aiki. Kowa ya san tumfafiya, ka karya ganyenta farin ruwan nan mai danƙo ya ɓulɓulo, to ƙaramar tsutsa da ba ta kai tsawon ƙwayar shinkafa ba in ta kafa baki kai tsaye ruwan zai iya liƙe mata baki ya kashe ta. Sai take fara gutsurar ganyen a zagaye, ta yi wani ɗan zobe, ta yanke jijiyoyin da ke kawo ruwan, ta jira ya tsiyaye, sannan ta shiga cikin zoben ta ci abinta hankali kwance. Babu wanda ya koya mata, uwarta ma ba ta san ta fito ba. Ɗiyata tac ce Baba kamar masu yi wa gona ganuwa. Da yamma munka koma kango muna duba ganyaye, ashe zoben nan cike suke a wurin, shekara da shekaru ina wucewa ban taɓa lura ba.

Litinin, 16 ga Satumba

Hutun Mauludi, na samu lokaci sosai. Sun girma ƙwarai, sun yi saɓa kamar yadda maciji ke yi, gaba ɗaya matakai biyar tsutsar ke bi kafin ta gama girma. Yanzu kamanninsu ya fito: ratsin baƙi da fari a zagaye da jiki, da ɗigon ruwan ɗorawa a gadon baya, ga wasu siraran ƙahoni masu laushi guda shida, biyu kusa da kai, biyu can tsakiya-tsakiya, biyu a baya. Ba sa harbi ba sa sa ƙaiƙayi, ba irin gizaka ba ne. 'Yar uwarta ta Amurka, Danaus plexippus, wadda ke ƙaura daga Kanada har Meziko duk shekara, ƙahoni huɗu tsutsarta ke da su, to ƙirga ƙaho ma hanya ce ta rarrabe su.

Bari in ajiye bayanin dangi a nan tunda shi na kwana ina karantawa. Duk malam buɗe littafi da 'yan uwansa masu zuwa wurin fitila da dare suna cikin babban rukuni guda, Lepidoptera, kalmar Girkanci ce mai nufin fiffike mai ɓamɓaroki, wato garin nan da ke maƙale maka a yatsa in ka kama shi ba ƙura ba ce, ƙananan ɓawo ne jere kamar rufin kwano kuma su ke ɗauke da kalar. Iri sama da 150,000 aka sani a rukunin. A ciki namu yana dangin Nymphalidae masu iri kimanin 6,000, cikin dangin kuma yana ɗakin Danainae, su ne waɗanda yawancinsu tsutsotsinsu ke rayuwa a kan tsirrai masu farin ruwa irin tumfafiya. Carl Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin shi ya fara ba shi suna a 1758, ya kira shi Papilio chrysippus, don a lokacin duk wani malam buɗe littafi Papilio yake ce masa. Daga baya anka ga gidan ya yi yawa anka rarraba, sunan Danaus ya fito daga wani limamin coci ɗan ƙasar Folan mai suna Kluk a 1780. Sunayen biyu, Danaus da chrysippus, duk daga tatsuniyoyin Girkawa aka ɗauko su, ba su da wata alaƙa da kamannin ƙwaron.

Gargaɗi ga duk wanda zai gwada: yau wajen tsinko ganye ruwan tumfafiya ya taɓa min yatsa, na manta na murza gefen ido, wallahi na ji a jikina, na daɗe ina wanke shi da ruwa kafin raɗaɗin ya lafa, kuma Allah Ya taimake ni bai shiga ciki sosai ba don yana iya lalata gani. Daga yau na hana yarinyar tsinka, ni ke yi, da leda a hannu.

Juma'a, 20 ga Satumba

Mun yi asara. Na bar bokitin a ƙasa jikin bango, da asuba na tarar kiyashi sun shiga ta inda robar ta saki, sun kashe biyu. Ɗiyata ta yi kuka har ta ƙi karin kumallo, ni ma raina bai yi daɗi ba don sakacina ne. Na mayar da su kan ƙaramin tebur, na sa kowace ƙafar tebur cikin gwangwanin madara da ruwa. Saura biyar. Cin da suke yi yanzu ya wuce misali, ganye babba kamar tafin hannu ba ya kai yamma, kashinsu kuma sai an zubar sau biyu a rana in ba haka ba wurin ya yi ɗumi ya fara fumfuna.

Litinin, 23 ga Satumba

Jiya da dare uku sunka daina ci, sunka hau saman gidan sauron, kowace ta saƙa ɗan farin zare ta maƙale da ƙarshen jikinta ta rataye kai ƙasa a lanƙwashe kamar ƙugiya. Yau bayan sallar asuba na ja kujera na zauna gabansu. Wajen ƙarfe bakwai ɗaya ta fara motsi, fatar ta tsage daga bayan kai, tana murɗawa tana ture ta sama har ta tattare kamar tsohuwar safa ta faɗi, abin da ya rage wani ɗan kore mai laushi, duka bai fi minti uku ba. Zuwa azahar ya taurare ya zama kwanso mai santsi, da wani layi baƙi da ruwan zinari a kewaye da samansa da ɗigo-ɗigon zinari, kai ka ce ɗan kunne ne daga wurin maƙera. Biyu kore ne, ɗayan da ya rataye jikin farin bokitin ya fito ruwan hoda-hoda. Na karanta cewa kalar wurin da ta rataya na da hannu a wannan.

Kwana 13 daga ƙyanƙyasa zuwa kwanso. Zafin Sakkwato ne ke sa su sauri, a wuri mai sanyi sun fi haka daɗewa. Sauran biyun sun rataye da yamman nan.

Juma'a, 27 ga Satumba

Kwanso ɗaya ya yi duhu ya koma ruwan ƙasa, yau na ga wani siririn zare mai yauƙi na reto daga jikinsa, a ƙasan bokiti kuma ga wata farar tsutsa gajera mai kauri. Ƙuda ne, na dangin Tachinidae. Da farko na rasa ta inda ya shiga tunda a rufe suke, sai na gano akwai irinsu da ke zuba ƙananan ƙwai a kan ganye, tsutsa ta haɗiye su tare da abinci, ɗan ƙudan ya girma cikinta yana cin ta da rai. Ke nan ni na kawo shi da hannuna cikin ganyen kango. Na ajiye shi a kwalba daban in ga ƙudan da zai fito. Daga yanzu sai na goge ganye da tsumma mai ɗanshi. Saura huɗu.

Talata, 1 ga Oktoba

Alhamdu lillahi. Tun jiya da dare kwanson farko ya zama kamar gilashi, ana hango baƙi da ruwan goro na fiffike a ciki, to yau da yake hutu ne duk gidan munka taru har da Inna, ta jawo tabarmarta tana cewa bari in ga abin da ya hana ku barci. Ƙarfe takwas saura ya tsage. Ya fito a jiƙe, ciki ƙato, fukafukai a cukurkuɗe kamar ƙyallen da anka matse, Inna tac ce wanga ai nakasasshe ne. Na ce ki dai jira Inna. Ya rataye jikin kwanson yana tura ruwan cikinsa zuwa jijiyoyin fiffike, a gaban idonmu suna miƙewa, cikin kamar minti ashirin sun buɗe sarai, sannan ya ɗauki wajen awa biyu yana bushewa. Inna ba ta ƙara cewa komai ba sai tasbihi.

Fiffiken baya fari ne, irin na uwarsa. Na auna da rula, daga wannan baki zuwa wancan santimita 7 da ɗan ɗori.

Ga bayanin da na samu kan farin. Irin ɗaya ne, amma yana da kamanni daban-daban a sassan Afirka. Wanda ya fi yawa a hotuna, mai ruwan goro duka da baƙin kan fiffike da farin ratsi, shi ne na arewa maso gabashin Afirka har zuwa Indiya da Sin. Namu na Afirka ta Yamma shi ake kira alcippus, sunan ya fito a aikin Pieter Cramer ɗan ƙasar Holan a 1777, kuma alamarsa ita ce wannan farin fiffiken baya. Can wajen Somaliya da Kenya akwai dorippus da wani masanin ƙwari ɗan ƙasar Jamus mai suna Klug ya bayyana a 1845, shi ba shi da baƙin nan na kan fiffiken gaba sam. Kudancin Afirka kuma akwai orientis. Masana sun sha jayayya a kansu, a 2005 wasu sun ɗaga dorippus ya zama iri mai zaman kansa, daga baya anka maido shi don inda sunka haɗu suna barbara da juna suna haihuwa. Na Ostareliya kuwa, petilia, shi an raba shi ya tsaya da kansa. Ni dai abin da ya tsaya min a rai, ɗan makaranta a Sakkwato in ya buɗe waya zai ga na Indiya ya ɗauka shi ne na gaskiya, alhali wanda ke bayan gidansu yana da nasa sunan tun shekara kusan 250.

Ɗiyata ta ƙirga ƙafafu tac ce Baba an ce ƙwaro ƙafa shida gare shi, wanga huɗu. Ta yi daidai da ta tambaya. Shidan suna nan, na gaba biyun ne sunka ƙanƙance sunka naɗe jikin ƙirji, duk 'yan dangin Nymphalidae haka suke, kuma da su macen ke buga ganye ta ɗanɗana ta tabbatar tumfafiya ce kafin ta saka ƙwai, abin da munka gani ranar farko ke nan.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Duk huɗun sun fito, maza biyu mata biyu, duka masu farin baya. Rarrabewa ba wuya: a tsakiyar fiffiken baya mace ɗigo baƙi uku gare ta, namiji huɗu, na huɗun ya fi girma kuma ɗan aljihu ne na ƙamshi da yake amfani da shi wajen neman mace. Mun sake su a kango da hantsi. Ɗayar ta daɗe a kan yatsan yarinyar kafin ta tashi.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na hau babur na tafi fadamar Kwalkwalawa, ta hanyar da ke zuwa jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, don in ga ko na can ma fararen baya ne. Daga ƙarfe tara zuwa sha ɗaya na ƙirga 23 da na gani da kyau, duka da fari, sai dai wasu farin ya cika fiffiken wasu kuma ruwan goro ya ɗan ci gefensa. Ko ɗaya ban ga mai ruwan goro zalla ba.

Tashinsu ma abin kallo ne, a hankali suke tafiya ƙasa-ƙasa ba sa gudun kowa, ga tsuntsaye ko'ina amma ba mai kula su. Dalili shi ne dafin tumfafiya. Ganyen na ɗauke da sinadarai masu taɓa bugun zuciya, tsutsar na jure su har ta ajiye wani ɓangare a jikinta ya bi ta zuwa girma, tsuntsun da ya ci zai yi amai, daga ranar ya haddace kalar. Wato kalar nan mai haske sanarwa ce, ba ado kawai ba.

Wani dattijo mai gonar albasa ya daɗe yana kallona, na gaishe shi na ce sannu da aiki Baba, yac ce yawwa ɗana, mi kaka biɗa ga tumfafiya tun ɗazu? Na nuna masa hotuna a waya har da na kwanson. Yac ce shi ya san tsutsar, ya san malam buɗe littafin, amma bai taɓa haɗa cewa abu guda ne ba. Ya nuna min wata fara mai zane-zane da ita ma ba ta barin tumfafiya, yac ce ko yara masu kamun fara ba su taɓa ta.

Kuma yau na yi babban kamu. Wata ta sauka kusa da ni, na rubuta ta a lissafi, sai na ga tashinta ya fi sauri kuma bakin fiffiken bayanta kamar an yi masa yankan tsini-tsini, na ɗauki hoto na faɗaɗa, ɗigo ukun nan na tsakiya babu su. Ba ita ba ce. Macen Hypolimnas misippus ce, ba ta da dafin tumfafiya, tsutsarta irin su fasa ƙaba take ci, amma ta ari rigar mai dafi don tsuntsu ya ƙyale ta, har farin bayan akwai masu kwaikwaya cikinsu. Namijinta kuwa baƙi ne wuluk da manyan fararen ɗigo masu kewayen shuɗi, wanda bai sani ba ba zai taɓa cewa mata da miji ne ba. Henry Bates ɗan Ingila, da ya yi shekara 11 a dajin Amazon, shi ya fara bayyana irin wannan kwaikwayo a 1862. Na goge ta daga lissafin, shi ya sa ya tsaya 23 ba 24 ba, kuma ya sa dole in koma kan tsofaffin hotunana in sake tantancewa.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Sati biyu ban rubuta ba, aiki ya yi yawa. Ƙudan kwalba ya fito tun tuni, toka-toka mai gashi, ya ɗan fi ƙudan gida girma.

Na karanta wani abu da ya sa na canza yadda nake ƙirga. A Kenya wajen Nairobi, inda kamannin nan daban-daban ke haɗuwa, akwai wata ƙwayar cuta mai suna Spiroplasma da ke zaune a jikin matan, tana bi ta ƙwai ta kashe 'ya'ya maza tun ba su ƙyanƙyashe ba, har ya zama a wasu wuraren mata sun rinjayi maza nesa ba kusa ba, sai mazan da iska ta kawo daga wani yanki. Abin ya tuna min ƙwai biyun da ba su fashe mana ba, amma tunda mun samu maza biyu daga uwa guda to ba wannan ba ne. Duk da haka yanzu ina raba lissafi, maza daban mata daban. Yau a kango da bayan makarantar allo: maza 5, mata 4.

Wani abin da ya burge ɗiyata, na nuna mata zanen bangon kabarin wani ma'aikaci a tsohuwar Masar mai suna Nebamun, na wajen shekara 1350 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), yana gidan tarihi na Birtaniya a Landan yanzu. Mutumin na farautar tsuntsaye a fadama, a tsakaninsu ga malam buɗe littafi nan, kuma masana sun ce wannan irin namu ne. Ta kalla ta kalla tac ce amma nasu ba irin farin namu ba ne.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Iska ta juya, hazo ya fara sauka, ciyawar kango duk ta bushe amma tumfafiya na nan kore shar har da fure, ita ba ruwanta da rani, shi ya sa nake zaton za mu ci gaba da ganinsu har cikin sanyi alhali wasu irin da munka saba gani da damina sun ɓace. Jimillar waɗanda na tantance da hoto daga Satumba zuwa yau 61, duka masu farin baya. Na fara ɗora su a iNaturalist, shafin intanet da mutane ke ajiye hotunan halittun da sunka gani, da kwanan wata da unguwa, don in wani mai bincike ya nemi na Sakkwato ya samu.

Abin da ban warware ba shi ne suna. Mun tambayi Inna, mun tambayi Gwaggo da ta zo daga Wamakko, na tambayi dattijon Kwalkwalawa da na koma, kowa malam buɗe littafi yake cewa, da fari da rawaya da wanga duk suna guda. A littafinmu dai mun sa masa malam buɗe littafi na tumfafiya, in akwai wanda ya ji wani suna a bakin tsofaffi, musamman mutanen ƙauye ko Fulani makiyaya da sunka fi mu zama da daji, don Allah ina so.

Jiya mun ɗebo sabbin ƙwai shida, zagaye na biyu. Wannan karon yarinyar ce ke riƙe da littafin, ni nawa tsinko ganye da gogewa. Muna son mu ga ko sanyin hunturu zai ƙara kwanakin, wancan karon kwana 3 a ƙwai, 13 a tsutsa, 8 a kwanso. Na sayo ɗan ma'aunin zafi a kasuwa na rataye jikin teburin, da asubar yau ya nuna 21. In Allah Ya kai mu ƙarshen wata ina son in leƙa wajen madatsar ruwa ta Goronyo in ƙirga na can.